Wasiƙa Zuwa ga Auta Kan Riƙon Ɗan Macijinsa

Rali, Karolina ta Arewa,
Amurka.

Ɗana Auta,

 Ina fata kana lafiya, kai da mahaifanka da yayyenka. Yaya karatu, yaya kuma sanyin Landan? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, hotunan ma na gani. Mahaifiyarka kuma ta kira ni hankali a tashe, ta ce tun da abin nan ya shigo gidan ba ta samu barcin kirki ba. Shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuto maka a tsanake, domin maganar waya tana wucewa, takarda kuwa kana iya komawa kanta duk sa'ad da ka buƙata. In ka gama karantawa ka miƙa mata ita ma ta karanta.

Da farko, kada ka ga laifin mahaifiyarka. A inda muka tashi, ni da ita, maciji yana nufin kububuwa a gona, kasa a kan hanya, gamsheƙa a bayan rumbu. Kububuwa kaɗai ta raba gidaje da yawa da masu ciyar da su, musamman manoma da makiyaya lokacin damina da kaka. A Kaltungo ta jihar Gombe asibiti guda aka ware saboda masu saran maciji. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoronta yana da tushe, kuma hanyar kwantar mata da hankali ita ce ta ga da idonta cewa ka san abin da kake yi.

Wannan da ke hannunka macijin masara ne, wanda masana ke kira Pantherophis guttatus. Asalinsa nan kudu maso gabashin Amurka ne, daga New Jersey har zuwa Florida, ya yi yamma zuwa wajen Louisiana. A jihar da nake zaune ma akwai shi, a dazuzzukan ƙasa mai yashi da tsofaffin gonaki, inda yake farautar ɓeraye. Ba shi da dafi ko kaɗan, nannaɗe abin farautarsa yake yi ya matse. A nan mutane kan kashe shi bisa kuskure saboda launinsa ya ɗan yi kama da na wani mai dafi da ake kira copperhead. Naka kuwa a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi, bai taɓa sanin daji ba. Yanzu tsawonsa bai wuce santimita 25 zuwa 30 ba, amma nan da shekara biyu zuwa uku zai kai mita ɗaya, wasu har mita ɗaya da rabi. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 15 zuwa 20, wani ma ya zarce. Ka tsaya ka yi tunanin wannan lissafin da kyau. Za ka gama sakandare, ka shiga jami'a, wataƙila har ka yi aure, yana nan da ransa yana jiran abinci daga hannunka.

Abin da nake so ya zauna maka a zuciya shi ne wannan: kyanwa in yunwa ta kama ta za ta dame ka da kuka, in sanyi ya dame ta za ta nemi wuri mai ɗumi da kanta. Maciji a cikin akwati ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Duniyarsa gaba ɗaya ita ce abin da ka shirya masa a tsakanin bango huɗun nan. A shekarun da na yi ina aiki tare da likitocin dabbobi, mafi yawan macizan da aka kawo mana ba su da lafiya, in aka bi diddigi sai a tarar matsalar daga mazauninsu take: ko zafi ya yi yawa, ko sanyi, ko rashin maɓoya, ko yawan taɓawa.

Mu fara da akwatin. Ƙa'idar da ake bi ita ce tsawon akwati ya kai aƙalla tsawon macijin in ya miƙe sosai. A yanzu ƙaramin akwatin roba mai murfi da ke kulluwa, wanda aka huda wa ƙananan ramukan shan iska, ya wadatar. In ya girma zai buƙaci mai tsawon santimita 120, faɗi da tsayi kuma wajen 60, don haka ka fara tara kuɗinsa tun yanzu. Babban abin dubawa shi ne ƙofa. Macijin masara gwanin sulalewa ne, duk inda kansa ya shiga jikinsa zai bi. Na lura a hoton da ka turo akwatinka mai ƙofar gilashi biyu ne da ake turawa gefe. Tsakanin gilasan nan akwai 'yar tazara, kuma ta nan jarirai suka fi fita. Ana sayar da siririyar roba da ake toshe wurin da ita, ka nema, ka haɗa da ɗan makulli. Ka duba ramin da wayar lantarki ta bi ta shiga, shi ma ka toshe shi daga waje. Kada ka kuskura ka manna salatif ko wani abu mai danƙo a cikin akwatin, komai ƙanƙantarsa. In ya manne a jikin ɗan maciji yana iya saɓule masa fata.

Sai zafi, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Jikin maciji ba ya samar da ɗumi da kansa, daga waje yake samu. Ka tuna ƙadangarun katangar gidan Kaka da ka gani lokacin da kuka je hutu: da safe su fito su sha hantsi, rana ta take su koma inuwa. Haka shi ma yake daidaita jikinsa, don haka dole akwatin ya kasance da gefe mai ɗumi da gefe mai sanyi. Gefen ɗumin ya tsaya tsakanin digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyin kuma tsakanin 20 zuwa 24. Da dare in zafin ya ɗan sauka babu laifi, amma ka tuna a Ingila akan kashe hitar gida da dare, kuma ɗaki yakan yi sanyi sosai a watannin Disamba da Janairu.

Ko shimfiɗar lantarki kake amfani da ita a ƙarƙashin akwati, ko fitila daga sama, wajibi ne ka haɗa ta da na'urar nan mai daidaita zafi, wadda ke yanke wuta in zafin ya wuce inda ka saita. Wannan ba abin da za a jinkirta ba ne sai an samu kuɗi. Shimfiɗar da ba ta da wannan na'ura tana iya yin zafin da zai ƙona cikin macijin, shi kuwa yakan ci gaba da kwanciya a kai har fatar ta lalace. Shimfiɗar kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwatin. In fitila ce, a sa mata kejin ƙarfe don kada ya hau ya nannaɗe ta. Dutsen nan da ake jona wa wuta, kada ka saya ko an yi maka rangwame. Ka sa ma'aunin zafi mai nuna lamba guda biyu, ɗaya a kowane gefe, ka duba su safe da yamma. Kada ka ajiye akwatin a bakin taga, domin rana in ta bugi gilashi ko roba tana iya mayar da cikinsa tanda cikin ɗan lokaci. Haske kuma ya bi tsarin dare da rana, wajen awa 12 a kunne, 12 a kashe. Masu kiwo da yawa yanzu suna ƙara fitilar UVB mai sauƙin ƙarfi, kuma abu ne mai kyau in akwatin ya girma.

A cikin akwatin ka sa maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi. In guda ɗaya ce, zai zaɓi ɓuya ko da wurin bai dace da jikinsa ba, domin a daji ɗan maciji abinci ne ga shaho da mujiya da sauran dabbobi, kuma wannan tsoron da shi aka haife shi. Maɓoyar ta zama matsattsiya, mai ƙofa ɗaya, yadda jikinsa zai taɓa gefunanta. Ƙaramin kwali ko bututun kwalin da ke cikin takardar goge hannu ya isa a yanzu. Ka ƙara ganyen roba da ɗan reshe, saboda suna son hawa, kuma ya samu ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya ji a fili yake ba. A ƙasa, watannin farko ka shimfiɗa farar takardar goge-goge ta kicin. Da ita za ka ga kashinsa sarai, ka kuma gane in akwai ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jinin macizai. Daga baya kana iya komawa ɓarzajjen itacen aspen, wanda suke jin daɗin kutsawa a ciki. In ka ga an rubuta pine ko cedar a jikin buhu ka bar shi, man da ke cikin waɗannan itatuwa yana cutar da numfashinsu. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi wanda ba ya kifewa, marar zurfi, a gefen sanyi, a canza ruwan kullum. Kuma macijin shi kaɗai zai zauna a akwatin. Maciji ba ya kewar ɗan'uwa, haɗa biyu sai dai ya jawo takura, wani lokaci ma a tsakanin jarirai ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Abincinsa jinjirin ɓera ne wanda bai yi gashi ba, irin wanda ake sayarwa a daskare, guda ɗaya duk kwana 5 zuwa 7. Kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikin macijin sai da kaɗan. Yana girma kana ƙara girman ɓeran kana kuma tsawaita kwanakin, har in ya zama babba ya koma cin abinci sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14. Ka sa ɓeran a leda ka ɗaure, ka bari ya narke sarai, sannan ka tsoma ledar a ruwan ɗumi. Ka matsa cikinsa da yatsa ka tabbatar babu sauran ƙanƙara. Kada ka sa shi a na'urar ɗumama abinci ta kicin. Ka miƙa masa da dogon hantsaki, da yamma, lokacin da suka fi motsi. Ɓera mai rai kuwa babu shi a lissafi: azaba ce ga ɓeran, kuma babban ɓera yana iya yi wa maciji mummunan rauni. In ya ƙi ci, ka bar masa a bakin maɓoya ya kwana, da safe in yana nan ka zubar, ka jira kwanakin su zagayo. Ƙin ci sau ɗaya ko biyu a sabon wuri ba abin tayar da hankali ba ne.

Maganar inda za a ajiye ɓerayen nan, mahaifiyarka tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Bai dace su kwana kusa da naman miya ba. In da hali a sayi ƙaramar firiza daban. In babu, a sa su a leda biyu cikin roba mai murfi, a aljihun firiza na ƙasa, kuma sai da izininta.

Yanzu sai abin da na san ya fi ɗaukar hankalinka, wato ɗaukarsa a hannu. A nan haƙuri ne kan gaba. Ka ba shi mako guda cur ba ka taɓa shi ba, sai canza ruwa da duba zafi. Mafi kyau ma ka jira ya ci abinci sau biyu ko uku lafiya. Na san hannunka yana ƙaiƙayi, abokanka kuma suna so su zo su gani, amma sannu ba ta hana zuwa. Ɗan macijin da aka dama da taɓawa tun ranar farko shi ne yakan daina cin abinci.

Ranar da za ka fara, ka wanke hannu tukuna don kada ya ji ƙanshin ɓera ko na wata dabba, saboda da harshensa yake sansano duniya, shi ya sa kake ganin yana fito da shi a kai a kai. Ka zauna a ƙasa ko a tsakiyar gado, ƙofa a rufe, don ko ya suɓuce faɗuwar ba ta da nisa. Kada ka kawo masa hannu daga sama, haka tsuntsu mai farauta yake zuwa. Ka zo ta gefe, ka zura yatsu a ƙarƙashin tsakiyar jikinsa, ka ɗaga a hankali ba tare da ɗari-ɗari ba. Kai hannu kana janyewa ya fi tsorata shi fiye da ɗauka kai tsaye. Kada ka riƙe shi ta wuya ko ta wutsiya, kada ka damƙe. Ka bar shi ya riƙa bin tsakanin yatsunka, yana barin wannan hannu kana tara masa wancan. Minti 5 ya isa a farko, sau biyu ko uku a mako, daga baya ka kai minti 10 zuwa 15. Fiye da haka jikinsa zai huce a sanyin ɗakinku.

Jarirai suna da saurin firgita. Zai iya kaɗa wutsiya da sauri, ya lanƙwasa wuya, ya kai cizo, ko ya sako wani ruwa mai wari. Duk wannan tsoro ne. Haƙoransa ƙanana ne ƙwarai, da wuya ma su huda fata. In ya cije ka kada ka fizge hannu, kana iya karya masa haƙori ko ka jefar da shi. Ka natsu, ka riƙe shi na ɗan lokaci har ya lafa, sannan ka mayar da shi, ka wanke wurin da sabulu. Da sannu zai gane hannunka ba abin gudu ba ne. Kada dai ka sa ran zai shaƙu da kai yadda kyanwa ke shaƙuwa. Iyakar abin da zai ba ka shi ne ya saki jiki a hannunka, kuma wannan ma babbar nasara ce.

Lokaci biyu ne ba a taɓa shi sam. Na farko, awa 48 bayan ya ci, domin in aka motsa shi yana iya amayar da abincin, amai kuwa yana galabaitar da ɗan maciji sosai. In hakan ta faru, ka duba zafin akwatin, ka bar shi kwana 10 zuwa 14 babu abinci, sannan ka ba shi ƙarami. Na biyu, lokacin saɓa. Za ka ga launinsa ya dushe, idanunsa sun yi fari-fari mai shuɗi. A kwanakin ba ya gani sosai, yana iya ƙin ci. Bayan idon ya washe da 'yan kwanaki sai ya tuɓe fatar. Jarirai sukan yi saɓa kusan duk wata ko makonni shida saboda saurin girma. Danshin akwati ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, lokacin saɓa kuma ka sa masa ƙaramar roba mai ƙofa da jiƙaƙƙiyar takarda a ciki. In ya gama ka ɗauki saɓar ka duba: ta fita har da murfin idanu biyu da ƙarshen wutsiya? Tsohuwar fata in ta maƙale a wutsiya tana ɗaure jini har ƙarshen ya mutu ya guntule. Wadda ta maƙale a ido kada ka ce za ka cire da kanka, aikin likita ne.

Tsabta kuma ba don shi kaɗai ba ce. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ko suna da ƙoshin lafiya, kuma tana sa mutum zazzaɓi da gudawa. Duk sanda ka taɓa shi ko kayansa, ka wanke hannu da sabulu. Kada ka kai shi kusa da fuska, kada ya shiga kicin, kada a wanke kwanonsa inda ake wanke kwanukan abinci. Yara 'yan ƙasa da shekara 5, mai juna biyu, tsofaffi da marasa lafiya su nisance shi. In yayarka ta kawo jaririnta, ɗakinka ya zauna a rufe.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ya ci, ranar saɓa, da nauyinsa a kan ƙaramin sikeli mai auna giram. Tun yanzu kuma ku nemi likitan dabbobi da ya san masu jan ciki, don ba kowane ne ya ƙware a kansu ba. In ka ga yana numfashi baki buɗe, ko majina a hanci da baki, ko yana ramewa, ko ya yi amai sau biyu, ko yana yawan kwana cikin ruwa da baƙaƙen ɗigo a jikinsa, ku tafi ba tare da jinkiri ba. In kuwa Allah Ya ƙaddara ya fita, ka gaya wa mahaifanka nan take, kada ka ɓoye. Ku rufe ƙofofi, ku bi gindin bango, ku duba wurare masu duhu da ɗumi kamar bayan firji, ƙarƙashin hita da cikin takalma. Yawanci ba ya nisa da ɗakin.

Ka sani kuma dokar Ingila ta kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta mazauni da abincin da suka dace da kare ta daga wahala, kuma tunda ba ka cika 16 ba, a idon hukuma mahaifanka ne ke ɗauke da nauyin. Sakin irin wannan dabba a waje laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1981, ga shi sanyin ƙasar zai iya kashe ta. In wata rana ka ga ba za ka iya ba, a nemi wanda ya san kiwonsu a ba shi. Kafin ku tafi gida hutu ma, a shirya wanda zai riƙa duba zafi da ruwa.

Abu biyu nake roƙonka, ɗana. Kada ka taɓa tsorata wani da shi, ko da wasa, ko yayyenka ko baƙo. Wanda ya ce ba ya son gani, ka girmama shi. Sannan duk ranar da ka taka ƙasar Najeriya, ka bar wannan sabon a Landan. Macijin da za ka gani a gona ko bayan gida a can ba irin naka ba ne, kada ka matsa kusa, ka kira manya.

Ka san labarin da ya zo a hadisi na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk mai rai da ka rufe a akwati amana ne a wuyanka, komai ƙanƙantarsa. Ka toshe tazarar gilashin nan yau, ka sayi na'urar daidaita zafi kafin ƙarshen mako, sannan ka turo mini hoton ma'aunan biyu in ga lambobin da idona.

Ka gaishe mini da mahaifinka da kyau, ka ce wa mahaifiyarka zan sake kiranta ranar Juma'a in Allah Ya kai mu. Ka dage da karatu da salla a kan lokaci. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ikon riƙe amana.

Wassalam.

Naka,
Kawu.